Wa Zai Tsaya Mata a Bakin Ruwan Baftisma

Townsville,
Watan Mayu.

Zuwa ga Yayata Bakoi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da dukan mutanen gidanmu a tsibirin Erub. Yaya ƙugun naki? Na ji an ce kin fara dogara sanda har bakin ruwa, kina yi wa masu jawo kwalekwale faɗa kamar dā. Da na ji haka sai na ce to, Yaya ta warke, tunda bakin ya dawo. Allah ya ƙara sauƙi, ya mai da miki ƙarfin ƙafa, ya bar mana ke. Mu nan lafiya lau, sai gwiwoyina da suke tuna mini shekarun da na yi ina shimfiɗa ƙarfen jirgin ƙasa a rana. Na zaɓi in rubuto miki ne domin kunnenki ya yi nauyi, in na kira ki a waya sai na yi ta ɗaga murya har maƙwabta su ji abin da bai shafe su ba, maganar nan kuwa ta cikin ɗaki ce. Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san hannun nan bai koyi riƙon alƙalami ba sai da furfura ta cika kai, a ajin yamma na cocinmu.

Bari in fara da daɗin, domin ya cika mini ciki har ba na iya ɓoye shi. Yaya, jikar nan tawa ta rayu! Da aka haife ta bakwaini, na leƙa ta cikin kwalba a asibiti, duk jikinta bai kai tafin hannuna biyu ba, fatarta kamar takarda, na fito na zauna a kan benci na ce Ubangiji, abin da ka ga dama. Yanzu ki zo ki ga kumatu. Tana da hancin Innarmu sak, da wannan tattare goshin da Babanmu yake yi in kifi ya kuɓuce masa. In na sa mata yatsa sai ta damƙe ta ƙi saki. Ni amaryata nake kiranta, 'yata Seriana da ta haife ta kuwa ta ce wace amarya ce za ta yarda da angon da haƙoransa suke kwana a cikin kofi. Na ce mata amaryar ma ai ba ta da ko ɗaya, mun dace. Yayyenta maza biyu suna rigimar wanda zai riƙe ta, ni kuma ina korarsu duka in riƙe abata. Tun rasuwar matata Wasie ban yi dariya irin ta kwanakin nan ba. Har yau dai ba ta da suna, domin sunan ba namu ba ne, na Dalassa matar ɗanki ne, ita za ta raɗa.

Kin san maganar, amma bari in shimfiɗa ta yadda take a zuciyata, don kada ki ɗauka na manta ko ina neman hanyar zamewa. Ranar da muka yi bikin yaye mayafin dutsen da aka kafa a kan kabarin Wasie, bayan an ci an sha, muka zauna a barandarki, ni da ke, da 'yata Seriana da mijinta Napau, da ɗanki Kemuel da matarsa Dalassa. Cikin Seriana bai ma fito ba a lokacin. Ita da bakinta ta ce Allah ya ba ta maza biyu, ɗan'uwanta Kemuel kuwa ya daɗe da aure ɗakinsa shiru, don haka abin da ke cikinta nasu ne, mace ko namiji. Ni na ɗauki maganar a matsayin uba na miƙa miki, kika karɓa, Dalassa ta rufe fuska da zanenta ta yi ta kuka. Haka iyayenmu suka yi, haka kakanninmu: ɗa ya tashi daga ɗaki zuwa ɗaki a cikin dangi, waɗanda suka karɓa su ne uwa da uba, kuma ba wanda zai buɗe baki ya faɗi wadda ta haifa, sai in iyayen sun ga lokaci ya yi. Shirinmu shi ne Kemuel da Dalassa su sauko kafin haihuwa, a miƙa musu ita daga asibiti. Sai yarinya ta yi gaggawar zuwa, ke kuma kika faɗi a wannan makon, Dalassa ba ta iya barinki ba. Likitoci suka ce nonon uwa ne maganinta, kuma ba za ta hau jirgi ba sai ta yi ƙwari. Ba laifin kowa a nan. Sai dai wadda aka ce ta haifa ta miƙa, ga shi ta yi watanni tana shayarwa.

A duk lokacin nan mutanen cocinmu ba su bar mu ba. Kin taɓa zuwa, kin ga irinmu: mu 'yan tsibiri, da Turawa, da 'yan Sudan, da masu keken guragu a layin gaba, da Colin kurma wanda ake juya masa wa'azi da hannu, har da waɗanda wasu majami'u suka nuna wa ƙofa. Kowa da kujerarsa, kowa yana zuwa teburin Ubangiji. Margaret, wadda ta koya mini karatu, da Joy abokiyar zamanta, suka ɗinka wa yarinyar ɗan bargo mai zare-zare a jiki, aka shimfiɗa shi a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo sai ya ƙulla zare ɗaya ya yi mata addu'a. Colin ya ƙulla har uku, da aka yi masa magana ya nuna da hannu cewa Allah ya fi jin nasa tunda shi ba ya cika shi da surutu. 'Yan Sudan suka riƙa kawo mana tuwonsu da miya, wasu suka riƙa kai yaran makaranta. A wannan bargon aka naɗe ta ranar da ta bar asibiti. Amma ko ɗaya daga cikinsu bai san an riga an ba da ita ba. Ban faɗa ba, Seriana ba ta faɗa ba, domin ba maganar da ake kaiwa waje ba ce. Su a ganinsu 'yar Seriana suke yi wa addu'a.

To, ranar Lahadin da muka fara kai ta coci, sai abin ya faru. Kin san muna da al'ada: in an zo wurin gaisuwar salama, duk wanda ya fara zuwa ana ambatar sunansa a yi masa maraba, in jariri ne kuma sai a ɗaga shi kowa ya gani. Kin kuma san ana haska sujadarmu kai tsaye ta waya, saboda tsofaffi da marasa lafiya da ba sa iya fitowa, don kada a bar kowa a baya. Ni da kaina na aika muku cewa ku kalla, don Dalassa ta ga 'yarta ta fita duniya, ko daga nesa ne. Ban yi tsammanin za a jona abin a babban allo a zauren taron tsibiri ba, manya da yara su cika wurin. Limamiyarmu, Rabaran Lorraine, ta sauko daga bagade, inda take jan sujada, tana murmushi, ta karɓi yarinyar daga hannun Seriana, ta juya ta fuskanci jama'a da na'urar ɗaukar hoton, ta ɗaga ta sama. Ta ce ga wadda muka yi ta roƙon Allah a kanta, 'yar Seriana da Napau, ƙanwar su wane da wane, ta faɗi sunayen yaran, ta ce yau ta zo gidanta. Mai fassara ya maimaita wa Colin da hannu, ya nuna Seriana ya nuna jaririya. Jama'a suka ɗauki tafi.

Yaya, ba zan ɓoye miki ba, a wannan lokacin murna ce ta rufe mini ido. Ganga tana tsakanin ƙafafuna, sai kawai na ji hannuna yana bugawa, na ɗaga waƙar yabo ta harshenmu, 'yan tsibiri suka amsa, Turawa suna bi da la-la-la kamar kullum. Aka yi ta miƙa yarinya daga hannu zuwa hannu, layi bayan layi, kowa yana ce mata salamar Ubangiji. Sai da na ɗago kai a tsakiyar waƙar na hango Seriana a tsaye hannuwanta wayam, ba ta kallon jaririyar, tana kallon ɗan jan hasken da ke jikin na'urar. Nan na tuna su wa ke kallo. Na ci gaba da bugun, domin in na tsaya a tsakiya kowa zai waiwayo, amma ban san me bakina yake rerawa ba. Magana zarar bunu ce. Abin da danginmu za su riƙe shekara ashirin a rufe, an faɗe shi da ƙauna a gaban kowane yaro na Erub, yaran da za ta tashi tana wasa da su a bakin ruwa.

Da yamma Kemuel ya kira ni. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da na fi jin sauƙi. Ya ce Kawu, mun gani, yarinya ta yi kyau. Na tambaye shi Dalassa, ya ce tun kafin a gama waƙar ta tashi ta fita daga zauren, matan da ke kusa da ita suka sunkuyar da kai. Ya ce da ta koma gida ta naɗe gidan sauron da ta rataya a kan ɗan gadon da ya sassaƙa, ta sa a akwati, ta kuma ce masa ita ba za ta raba uwa da 'yarta a gaban duniya ba, a ce ta ƙwace. Daga ranar ba ta ɗaga wayar Seriana ba, ba ta ɗaga tawa ba. Na san kina ganinta kullum, ke za ki fi ni sanin abin da ke ranta.

Labari ya kai wa Rabaran Lorraine ta bakin wata 'yar tsibirinmu, sai ga ta a ƙofar gidana, ko abin wuyanta na limamai ba ta saka ba. Ta zauna a kan kujerar Wasie ta kasa shan shayin da na ba ta. Ta ce ta yi shekaru tana wa'azin cewa a gidan Allah ana kiran kowa da sunansa, ba ta taɓa tunanin akwai sunan da rufe shi ne ƙauna ba. Ta ce an cire hoton daga intanet tun daren ranar. Na yi mata godiya, amma ni da ita mun san ba a cire shi daga idon waɗanda suka gani ba. Ban iya jin haushinta ba, Yaya. Matar nan ita ta kwana da mu a asibiti daren da numfashin yarinyar ya riƙa ɗaukewa. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma mu muka bar ta a cikinsa. Kafin ta tafi ta ce baftismar tana nan yadda aka sa, ranar Lahadin bikin Zuwan Haske, na tunawa da isowar bishara tsibiranmu, farkon Yuli. Ta ce a ranar dole ta tambayi su wane ne iyayen da suka kawo yarinyar, dole kuma ta tambayi sunanta. Duk waɗanda danginmu suka tsayar a bakin ruwan, su za ta kira uwa da uba, coci kuma zai amsa amin, amma ita ba za ta zaɓa mana ba.

Margaret kuwa ba ta zo da sanyi ba. Kin san ta, tsohuwar malamar makaranta ce, har yau in na yi kuskure a karatun Littafi sai ta yi tari daga kujerarta. Ta tare ni a wurin shan shayi bayan sujada, ta ce Segar, tsohon banza, jaririya ce ko buhun shinkafa da za a ɗora a jirgi a aika? Ta ce ita ba ta ɗinka bargo don a naɗe kaya ba. Ni ba mai iya jera magana ba ne. Sai kawai na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa Bature ba, cewa ni ma ba Innarmu ce ta haife ni ba, ƙanwarta ce, kuma ban sani ba sai da na yi aure, ban kuma taɓa kwana da yunwar uwa ba. Na ce mata yayar da ta goye ni a bayanta har ƙafata tana jan ƙasa, ba ciki ɗaya muka fito ba, kuma duk wanda ya ce ba yayata ba ce sai mun hau sama mun faɗo. Margaret ta yi ta juya cokali a cikin shayinta. Can ta ce ita da Joy sun so ɗa tun suna da ƙuruciya, ba wanda ya taɓa tunanin miƙo musu. Ta ce yanzu na ɓata mata lissafi, ba ta san wa za ta yi wa kuka ba, Seriana ko Dalassa. Na ce mata ta shigo layi, ni ne a gaba.

Wadda ta fi damuna ita ce Seriana. Ta yi kwanaki ba ta ce uffan a kan maganar ba. Tana shayarwa, tana wanka, tana kai yara makaranta, in na shigo ta canza zance. Napau ya ce shi bakinsa ɗaya da na matarsa, abin da ta yanke shi ne. Ni kuma na kasa tambayarta, domin ina tsoron amsar ko ta wane gefe ta faɗo. Sai ranar Asabar da ta wuce, muna goge kujerun coci ni da ita, yarinyar tana barci a kan bargonta a gaban bagade, ta tsaya da tsumma a hannu, ba ta ko kalle ni ba, ta ce: "Baba, ban janye ba. In Dalassa ta miƙo hannu zan ba ta. Amma ba zan aika ta kamar abin kunya ba. A nan aka ce tawa ce, a nan nake so a ji na ce tata ce. Ta zo da kanta ta karɓa, ta faɗi sunan." Ta ci gaba da goge kujerar da ta riga ta goge. Na ga gaban rigarta ya jiƙe da nono.

To Yaya, ga inda nake, gaba kura baya siyaki. Abin da Seriana take nema ba haka iyayenmu suka yi ba, su a ɗaki suke miƙawa, ba a gaban taro ba. Na sani. Amma ɗakin an riga an yaye masa rufi, kuma ban ga yadda za a mai da shi ba. In Dalassa ta zo, yarinyar za ta tashi da sanin abin da ni ban sani ba sai da na girma, ban kuma san ko hakan zai yi mata nauyi ko sauƙi ba. In ba ta zo ba, maganar da na miƙa miki a barandarki ta faɗi ƙasa, ɗanki ya zauna da gadon da ya sassaƙa babu kowa a ciki, gidajenmu biyu kuma su riƙa gaisawa da baki kawai. Alkawari kaya ne, ni na ɗauka, kuma ban sauke ba. Amma in na ce miki zuciyata tana so a tafi da amaryata, na yi miki ƙarya. In na durƙusa yin addu'a sai in rasa abin da zan roƙa. In ce Ubangiji ka kawo Dalassa, sai in tuna rigar Seriana. In ce ka bar mana ita, sai in tuna Dalassa da zane a fuska. Jiya dai sunayensu kawai na jera masa na tashi.

Ba ni da ikon tilasta kowa, ke ma na san ba ki da shi. Abin da nake roƙonki shi ne ki zaunar da Dalassa, ke da ita kawai, ki karanta mata maganar Seriana yadda na rubuta ta, kada ki ƙara kada ki rage. Ki gaya mata ba wanda zai ce ta ƙwace. Mutanen cocin nan, tunda suka gane, ba su da zance sai nata. Joy ta ce ɗakinsu na baƙi nata ne ita da Kemuel, Colin yana koya wa yara yadda ake cewa maraba da hannu, Margaret kuma ta ƙara wa bargon zaruruwa, ta ce waɗannan ba mai taɓawa, na mutanen Erub ne. Zumunta a ƙafa take. In kuma Dalassa ta ce ba za ta iya ba, ki faɗa mini gaskiya da wuri, kada ki lallashe ni, domin ko ta yaya dai dole wani ya buɗe baki ya faɗi suna a ranar, yarinya ba za ta shiga ruwa babu suna ba.

Ki gaishe mini da Kemuel, ki ce masa Kawunsa bai manta da shi ba. Ki gaishe da ƙanenmu Elikiam da iyalinsa, ki ce masa busasshen kifin da ya aiko ya iso, yara sun cinye kafin in ɗanɗana. Ki gaishe da Gwaggo Gada in tana gane mutane, da mawaƙan coci duka, da duk wanda ya tambaye ni. Seriana da Napau da yaran suna gaishe ki, suna yi miki fatan sauƙi. Dalassa kuwa ki gaishe ta gaisuwa ta daban. Ki ce mata 'yarta ta yi nauyi yanzu, ba ta ɗaukuwa da hannu ɗaya, in za ta zo ta zo da biyu.

Ubangiji ya tsare ki, ya haskaka fuskarsa a kanku duka.

Ni ne ƙanenki da kika goya,
Segar.